Keke Daidai da Mai Shi, Daidai da Hanyarsa

Kekuna biyu sukan yi kama a ido, kuɗinsu ɗaya, amma ɗaya ya sauko da mutum daga tudu lafiya, ɗayan kuwa ya kā da shi. Yawancinmu fenti muke duba, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa 'yan'uwa dalili.

A Kalifoniya ta Amurka aka fara keken hawan dutse. Joe Breeze ya ƙera nasa a 1977, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper. Yanzu ga irinsu a kasuwanninmu, yawanci na hannu.

Bara ikkilisiyarmu ta tara kuɗi domin a sayi keke wa mai bishararmu, aka aike ni in zaɓa. Hanyarsa duk gangara ce da duwatsu, matarsa kuwa ba ta sakin jiki sai ta ga ya komo. Na iske biyu da suka yi daidai da kuɗinmu.

Na fara duban ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba. Na fari a miƙe yake, wajen digiri 71, kamar kekunan shekarun 1990. Irin wannan yakan juya da sauri, amma a gangara nauyin mutum yakan taru a gaba, dutse kaɗan sai ya tuntsura. Na biyun ya kwanta, wajen digiri 66, ƙafarsa ta yi gaba. Yana da nawa wajen shan kwana, amma a gangara ba ya rawa. Tsakanin ƙafafunsa kuma ya fi tsawo, tayarsa inci 29 ce, ba 26 ba, tana haye rami da sauƙi.

Shi na ɗauka, amma sai da mai bishara ya hau ya gwada, gama keken da ya fi ƙarfin mutum ba ya jin maganarsa. Muka ɗaga sirdi har ƙafarsa ta miƙe sa'ad da diddigensa ke kan feda a ƙasa. Muka rage iska kaɗan, domin taya mai tauri takan yi tsalle a kan tsakuwa. Amma fa in ta yi laushi ainun, sai a yi ta faci.

Mun sani Dauda ya tuɓe kayan yaƙin Saul, ba don ba su da kyau ba, sai don bai saba da su ba. Ku iyaye, kada ku sayi babban keke kuna cewa yaro zai girma ya iske shi. Ku duba tsawonsa na yau, ku duba hanyar da zai bi. Ubangiji ne mai tsaron tafiya, amma ya ba mu hankali mu auna.