Wane Ne Gwanin Gwanaye? Daga Shago Zuwa Muhammad Ali

Akwai wata gardama da na tashi na tarar ana yi a ƙasarmu ta Mafara, kuma har yau ba ta mutu ba, wato gardamar wane ne ya fi kowa a fagen dambe. In ka zauna da dattawa a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ka tayar da zancen, to da wuya a ɗauki minti biyu ba a ambaci Shago ba, sannan a kawo Ɗandunawa, a yi ta ja-in-ja har a kira salla. In kuwa majalisar samari ce, sai ka ji an ƙetare teku, wannan ya ce Muhammad Ali, wancan ya ce Tyson, yaran yanzu kuma su ce Usyk ko Anthony Joshua. Ni dai na daɗe ina ganin gardamar guda ce, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce da wane mudu za a auna gwani.

Bari mu fara da mudun da ya fi sauƙi, wato lissafi. Ba'amurke Rocky Marciano ya yi dambe 49 bai faɗi ko ɗaya ba, 43 daga ciki kisa ya yi, ya ajiye safar hannu a 1956 da kambinsa a ka. Muhammad Ali kuwa ya ci 56, an cinye shi sau 5. In da lissafi ne kaɗai, ai magana ta ƙare. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san akwai ɗan damben da ba ya faɗuwa don kawai bai haɗu da daidai shi ba. Joe Louis ɗin da Marciano ya buge a 1951 ya riga ya kai shekara 37, ƙarfi ya soma ja baya. Wani kawuna da ya ga damben da da idonsa yakan ce mini, "Ɗana, wanda bai taɓa shan ƙasa ba, ba a san ƙarfinai ba tukuna." Wannan magana ita ce mudun da na fi yarda da shi.

Mudu na biyu shi ne daɗewa. Nan kam babu kamar Joe Louis, wanda ya riƙe kambin ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Ga shi kuma ya cika sharaɗin kawuna, domin Bajamushe Max Schmeling ya kashe shi a 1936, shi kuma ya dawo a 1938 ya gama da shi tun a turmin farko. Larry Holmes ma ya riƙe kambi daga 1978 zuwa 1985, amma mutane ba su cika sanya shi a baki ba, watakila don ba su yafe masa dukan da ya yi wa Ali a 1980 ba, lokacin da Ali ya riga ya gaji.

Mudu na uku, da wa ka kara? A nan ne nake rabuwa da abokaina masoya Mike Tyson. Na san dalilin son da muke masa. Mu da muka tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo da gidajen kallo, shi muka gani yana zubar da ƙarti kafin mutum ya gyara zama. Ya ci kambi a 1986 yana ɗan shekara 20, ya kashe Michael Spinks a 1988 cikin daƙiƙa 91. To amma gaba da gabanta. Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a 1990, Evander Holyfield ya buge shi a 1996, a karawarsu ta 1997 kuma da abin ya yi masa zafi sai ya kai wa kunne cizo aka kore shi, sannan Lennox Lewis ya kashe shi a 2002. Tyson gwanin fara faɗa ne, amma in abokin karawa ya jure turmin farko da na biyu bai tsorata ba, sai lissafi ya dagule masa.

Yanzu mai karatu ya ɗora Ali a kan waɗannan mudaye. Ya karɓe kambi daga hannun Sonny Liston a 1964 lokacin da kowa ke tsoron Liston. A 1967 aka ƙwace kambin don ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe, a daidai lokacin da ƙarfinsa ke tashe. Joe Frazier ya kayar da shi a 1971, ya dawo ya rama har sau biyu, na ƙarshe a Manila a 1975. A Kinshasa kuwa, ran 30 ga Oktoba 1974, yana da shekara 32 ya tari George Foreman ɗan shekara 25 wanda bai taɓa faɗuwa ba, wanda ya kai Frazier ƙasa sau shida a 1973, ya jingina da igiya ya bar shi ya ƙarar da ƙarfinsa, ya kashe shi a turmi na takwas. Wannan Foreman ɗin fa shi ne ya sake cin kambi a 1994 yana da shekara 45. Ashe ka ga ba ragwaye Ali ya buge ba.

Masu cewa 'yan damben yanzu sun fi girman jiki, saboda haka za su murƙushe na da, sai su tuna cewa a dambenmu na gargajiya tun asali ba a ɗora kowa a sikeli, in ka ji za ka iya sai ka naɗa kara ka fito. Kuma a Riyad a watan Mayun 2024, Oleksandr Usyk mai kimanin kilo 101 ya cinye Tyson Fury mai kimanin kilo 119, ya sake maimaitawa a Disamba. Zamani riga ne, kowa sai a auna shi da mazan zamaninsa.

Saboda haka jerina shi ne Ali na ɗaya, Louis na biyu, sai Lennox Lewis na uku, domin mutum biyun da suka taɓa kashe shi, Oliver McCall da Hasim Rahman, duk ya koma ya rama. Holmes da Foreman su biyo baya. Kowa da gwaninsa, ban hana wani nasa ba.

Sai dai akwai mudu na huɗu da ba a cika faɗa ba, kuma a gida na koye shi, wato wa ya yi maka waƙa? Yau yaron da aka haifa a Kano ko Maraɗi ya san sunan Shago, ba don ya ga naushinsa ba, sai don Ɗan Anace ya ɗauke shi ya sa a bakin duniya. Maza nawa ne suka yi kisa a fagagen kaka na ƙauyukanmu, bayan an kai amfani gida, waɗanda sunansu ya bi su kabari don ba su sami makaɗi ba? Shi Ali da ya rasa makaɗi sai ya zama marokin kansa, ya riƙa yi wa kansa kirari kafin a shiga fage, har yana faɗin turmin da zai kayar da mutum. Ina jin shi ya sa dattawanmu da suka ji labarinsa a rediyo suka karɓe shi hannu biyu, sun gane shi, ɗan dambe ne irin wanda suka sani.

Abin da ke damuna shi ne wannan. In na yi gardamar Ali da wani, akwai hoton kowane dambe, akwai ranarsa da turminsa, gani ya kori ji. In kuwa gardamar Shago da Ɗandunawa ce, hujjarmu waƙa ce da bakin dattawan da suka halarta, su kuma kullum raguwa suke yi, ga rashin tsaron da ya addabi Zamfara ya tarwatsa ƙauyuka da yawa, ya rage zaman hirar dare inda ake jin irin wannan labari. Duk ɗan Mafara ko Bakura ko Maradun da ke da tsoho a gida wanda ya ga wancan zamani, wayar da ke aljihunsa ta isa. Ya zauna da shi ya tambaye shi a wane gari aka yi, wace shekara, wa ya fara kai hannu, ya ɗauki muryarsa ya adana, domin jikokinmu su ma su sami abin da za su yi gardama da shi.

Allah Ya jiƙan Ɗan Anace da Muhammad Ali da sauran magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.