Haɗa Kalar Mota: Fentin Tina Da Fentin Ruwa

Yau ina so mu tattauna kan wani abu da yake cin kuɗin iyayenmu 'yan kasuwa a ɓoye, wato fentin mota. Duk wanda ya san hanyar Minna zuwa Suleja, musamman ranar Juma'a da kasuwar Paiko take ci, motocin doya sun cika titi, ya san ba a raba mota da ƙujewa. Gyaran ƙarfe ba ya wuya. Wahalar tana wajen haɗa kala.

Motar mahaifina ta taɓa samun irin wannan. Aka fenta ƙofa ɗaya a wani gareji, a inuwa sai ka rantse daga kamfani ta fito, amma da ta shiga rana sai ga ƙofar ta fi sauran jiki duhu. Da ya tashi sayarwa, dillali ya kafe cewa motar ta yi babban haɗari, aka karya mata kuɗi. Abin da ya fi damun Baba shi ne a ɗauka ya ɓoye aibi, domin mu da muke zaune cikin 'yan uwanmu Gbagyi, amana ce jarinmu. Wannan ne ya sa na shiga bin masu fenti da tambaya.

Da farko, mai karatu, kowace mota tana da lambar kalarta, a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Misali, farin Toyota da aka sani lambarsa 040. Amma lamba kaɗai ba ta isa, saboda ranar ƙasar nan tana kodar da fenti, dole sai mai haɗawa ya gyara da ido.

Fentin da na saba gani a garejojinmu shi ne wanda ake sirkawa da tina. Yana bushewa da wuri, kuma kalarsa a jiƙe ba ta da nisa da yadda za ta fito. Shi kuwa fentin ruwa, Turai ce ta tura masu gareji gare shi, da dokar Tarayyar Turai ta 2004 wadda ta fara aiki a 2007, ta taƙaita sinadarai masu tashi sama a irin wannan fenti zuwa giram 420 a lita. Shi a jiƙe yaudara gare shi, yakan yi haske-haske kamar an zuba madara, sai ruwan ya fita sannan ainihin kalar ta bayyana. Kuma iska mai motsi ce ke busar da shi, don haka laimar damina tana jinkirta shi, ƙurar hunturu kuma ta manne masa.

A kalar silba abin ya fi tsanani, domin akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyam a ciki. Idan feshin ya jiƙe da yawa sai kala ta yi duhu, idan ya bushe tun a iska sai ta yi haske. Gwangwani ɗaya, hannu biyu, kala biyu ke nan.

Shawarata ga iyayenmu: kafin a taɓa mota, a sa mai fenti ya fesa a ɗan falle, ya ɗora kiliya, ya bushe, a kara da jikin motar a cikin rana, a duba ta gaba da ta gefe. A kuma yarda ya ɗan shigar da feshin cikin ɓangaren da ke maƙwabtaka, ko da kuɗi zai ƙaru. Sannan ga ƙannenmu masu koyon sana'ar, ko fentin ruwa ne, kiliyar da ake ɗorawa da sinadarin ƙarfafa ta suna cutar da huhu, tsumma a hanci ba ya tare su.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.