Zagayen Dajin Karura Da Ƙafa

 A makon nan za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu tafi ƙasar Kenya, in nuna muku wata hanya da a ke bi da ƙafa cikin dajin Karura, wanda ke gefen birnin Nairobi ta arewa. Na bi ta tare da waɗansu malamai mata, na ga ya kamata ku ji labarinta, domin ba don wata mace ba da yanzu babu dajin, balle hanyar.

Girman dajin ya fi eka 2,500, an kuwa keɓe shi tun 1932. Mota ba ta daɗewa daga tsakiyar birni zuwa ƙofarsa ta titin Limuru. A ƙofar za ki biya kuɗin shiga, a kuma duba kayanki, gama ba a yarda a shiga da robar ruwa irin wadda a ke sha a yar ba. Hanyoyin zagaye iri iri ne, akwai na kilomita 5, da na 10, da na 15, ko wacce da launinta, ko wace mararraba kuma da lambarta, saboda haka ɓata sai ga wadda ta ƙi duba allo. Ga baƙuwa, ta kilomita 5, watau kamar mil uku, ta isa. Awa biyu za ta kai ki ta komo da ke, har da hutawa.

Da fari hanyar shimfiɗe ta ke, jar ƙasa, cikin inuwar dogayen itatuwan turare. Turawa ne suka kawo irinsu zamanin mulkinsu, domin suna saurin girma, jirgin ƙasa kuwa a lokacin da itace ya ke tafiya. Yanzu ana sare su kaɗan kaɗan ana mayar da itatuwan ƙasar na asali. Kada sanyin wurin ya ruɗe ki ki yi ta sauri. Nairobi ta fi Jos tudu nesa, wadda ba ta saba ba numfashinta kan yi guntu. Sannu ba ta hana zuwa.

Sa'an nan sai hanya ta gangara zuwa kogin Karura ta kan matakala. Nan ne aikin ya ke. In an yi ruwa ƙasar santsi gare ta ƙwarai, damina kuwa biyu ce a can, ɗaya daga Maris zuwa Mayu, ɗaya daga Oktoba zuwa Disamba. Ki sa takalmi sawu ciki, ki ɗaure zane ya ɗan ɗaga, in da goyo ki ƙara majanyi. Da kin kai ƙasa sai ƙarar motoci ta ɗauke, ba ki jin kome sai ruwa da tsuntsaye. Birai suna bisa suna kallonki, har da wani baƙi mai farar jela kamar an yafa masa mayafi. Mai sa'a kan ga gada ko mazo sun gilma.

A gefen kogin akwai kogunan dutse masu duhu. An ce mayaƙan Mau Mau sun riƙa ɓuya a ciki sa'ad da su ke faɗa da mulkin Ingila daga 1952, kafin Kenya ta sami mulkin kai a 1963. Gaba kaɗan za ki isa inda kogin ke faɗowa daga kan dutse, tsawo kamar ƙafa 50. Nan a ke zama a sha ruwa, kana a hau ɗaya gefen a zagayo zuwa ƙofa.

To, ga labarin macen. A 1998 ta bayyana an yanka wani sashi na dajin an raba wa masu hannu da shuni su gina gidaje. Wangari Maathai, wadda ta sami digirin dakta tun 1971, ta kuma kafa ƙungiyar Green Belt a 1977 don mata su riƙa dasa itatuwa, ta ce ba ta yarda ba. Makaminta dashe ne. Ita da mutanenta suka riƙa zuwa inda aka sare suna dasawa. Ran 8 ga Janairu 1999 masu gadin wurin suka auka musu da duka, aka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, magana ta gama duniya, har a watan Agusta na shekarar Shugaba Daniel arap Moi ya hana rabon filayen jama'a. A 2004 aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ce mace ta fari daga Afirka da ta samu. Ta rasu a 2011.

Amma ceto daji daban, tsaronsa daban. Bayan rigimar ya zama maɓoyar ɓarayi, mace ba ta ko kusantarsa. Sai daga 2009 mazauna kewayen suka haɗa kai da hukumar gandun daji, aka kewaye shi da waya mai lantarki, aka ɗauki masu sintiri daga unguwannin talakawa na kusa. Shi ya sa za ki gamu da mace ita kaɗai tana tafiyarta, ko malama da jerin yara a bayanta.

Ba ko wacce ce za ta je Kenya ba, na sani. Amma wane gari ne babu bakin rafi ko kurmi a bayansa? Ki je ki gan shi, ki kai 'ya'yanki, ki koya musu sunayen itatuwan. Wurin da mutanen gari ba su taka shi, ran da aka sayar ba wanda zai ji. Wadda ta san irin wannan wuri a garinsu ta rubuto mana. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.