Wace Kona? Wace Illela? Garuruwa ma suna da takwara

 Ku ɗauki wayarku ku rubuta Kona a gurbin bincike, ku ga abin da zai fito. Kafin ku iso Kona tamu ta ƙasar Tasawa, sai kun ratsa wani yanki na tsibirin Hawai da ya yi suna wajen noman kofi, kun wuce motar nan Hyundai Kona da Koriyawa suka raɗa wa sunan wancan yanki, wataƙila ma ku biya ta Kona ta kusa da Jalingo a jihar Taraba, garin Jukunawa. Tamu tana can ƙurya. Sau da yawa sai ka ninka wasali ka rubuta Koona, yadda take a takardun hukuma, sannan na'urar ta san inda ka dosa.

Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na watan Janairun 2013, lokacin da masu ɗauke da makamai suka kame garin Konna na yankin Mopti a Mali, washegari sojan Faransa suka shiga yaƙin. Kwana da kwanaki sunan yana bakin gidajen rediyo. A takarda akwai bambancin harafi, amma kunne ba ya ganin harafi. A ce ɗan ci-rani ne ya baro iyali a Kona, yana leburanci a Libiya ko yana ga-ruwa a Legas, rediyo na kawowa yana ɗaukewa, abin da ya tsinta kawai shi ne an kame Konna. Kafin ya samu mai ce masa ta Mali ce, ai cikinsa ya ɗuri ruwa.

Gida ɗaya sai ka tarar da Musa uku, kuma ba a taɓa kai wa wani tuwon wani ba, domin akwai Musa Dogo, akwai Musan Inna, akwai Malam Musa. Haka kakanninmu suka yi da garuruwa. Takwara ba ta taɓa ɓatar da su ba. Ruɗani ya shigo ne ranar da aka fara rubuta sunan gari a yar da laƙabinsa.

Hanyoyin da Bahaushe ke bi ya raɗa wa gari suna ba su da yawa, shi ya sa dole a yi ta karo. Ko ya dubi abin da ya tarar a wurin, dutse ne ko rimi ko kuka ko tafki, ko ya kira wurin da sunan wanda ya fara saran daji: Gidan Wane, Garin Wane, Ɗan Wane. Wani lokaci fata yake yi, ya ce Tudun Wada ko Nasarawa. Wani lokaci kuma ba ya wahalar da kansa, sai ya ce Sabon Gari, sunan ya bi garin har tsufa. Na Kano ya haura shekara ɗari yana amsa sabo. A ƙasarmu ta Tasawa da Mayahi sunan mai saran daji ya fi yawa. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga garuruwan da suka tattaru don tsaro, suka bazu neman gona, musamman ta arewa. Magidanci ya ɗebi 'ya'yansa da ƙannensa, ya sari daji, ya gina rijiya, wurin ya zama gidansa. To, malam nawa ne a ƙasar Hausa? Bawa nawa, Magaji nawa? Duk wanda ya taɓa buɗe kundin sunayen garuruwa da hukumar ƙididdiga ta Nijar ta fitar bayan ƙidayar 2012 ya ga abin da idonsa: shafi bayan shafi na Guidan da Garin da Dan da Sabon Gari, har ido ya gaji.

Akwai kuma sunan da ke ƙaura tare da masu shi. Da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa ya kafu a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin da ke can. Gobirawa sun rasa Alƙalawa a 1808, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani ɓangare nasu ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wadda yau take jihar Sakkwato. Nan Sarkin Gobir, can ma Sarkin Gobir. Fatake su ma duk inda suka sauke kaya sun bar zango, tun daga Zangon Daura da Zangon Katab har zangon Kumasi da Sabon Zango na birnin Akara. Wanda ya bar gida ba don yana so ba, sunan gida ne kayan da ya fi sauƙin ɗauka.

Amma ku lura da yadda aka warware abin ba tare da an kafa kwamiti ba. Dawaki biyu a ƙasar Kano, sai aka ce Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Birni kuwa ba a barinsa tsirara: Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Kabi, Birnin Kwanni, Birnin Lalle na ƙasar Dakwaro. Kafin Hausa daban, Kafin Madaki daban. Tudun Wada ta kudancin Kano, don kada a haɗa ta da ta Zariya ko ta Kaduna ko ta Gusau, sai aka ce Tudun Wadan Ɗankadai. Tsibiri kuma Tsibirin Gobir. Wannan ɗan harafin na ƙarshe da ke ɗaure suna da laƙabinsa ya yi wa ƙasar Hausa aikin da wasu ƙasashe sai da lambar gidan waya suka yi shi.

Har yau tsarin yana aiki a tashar mota. Ku tsaya a tashar Tasawa ranar kasuwa ku saurara. Tsohuwa ta zo da ƙullin kayanta a ka, ta tari ɗan kamasho:

"Ɗana, motar Garin Malam nake nema."

"Inna, wane Garin Malam ɗin? Wace hanya ake bi?"

"Oho, ni dai jikata ke aure can."

"To, yaushe suke cin kasuwa? Wa ke maigari?"

Kafin ta amsa tambaya ta uku wani fasinja ya tsoma baki, ya ce ai ya san gidan mijin, ga motarsu can tana lodi. An gama. Matambayi ba ya ɓata, muddin akwai bakin da zai mayar masa da tambaya. Takarda ce ba ta iya cewa "wanne?"

Mu kuwa alƙalami biyu aka rubuta mu da su. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Faransa da na Ingila, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, ƙasa ɗaya ta koma biyu. Magatakardan Faransa ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo da ƙa'idar harshensa: Tasawa ta zama Tessaoua, Gazawa ta zama Gazaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Tsibiri ta koma Tibiri. Na Ingila ya fi kusa da bakinmu, amma shi ma ya zubar da lanƙwasa, Ƙanƙara ta zama Kankara, Ɗanja ta zama Danja. Bokon da muka gada ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, alhali ajamin malamanmu ya kan nuna inda aka ja wasali.

Sakamakon yana kan taswira. Tibiri biyu ne a Nijar, ɗaya a gefen Maraɗi, ɗaya a jihar Doso wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Dogon Dutse. Illela biyu ce, kuma dukansu maƙwabtan Kwanni: ɗaya da ka tsallaka iyaka ka shiga jihar Sakkwato, ɗaya a arewa cikin jihar Tawa. Gaya biyu ce, ta Kano mai tsohon tarihin maƙera, da ta bakin kogin Kwara a kan iyakar Benin. Ko a jerin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai masu amsa suna ɗaya: Nasarawa a Kano da jihar Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu sun san ƙasar Sin ta fi mu wannan ciwon kai. Harshensu ma mai karin sauti ne, kari huɗu gare shi, kuma a rubutunsu na asali kowace gaɓa da alamarta, saboda haka garuruwa biyu na iya yin kama a kunne amma ido ya raba su nan take. A 1958 suka amince da tsarin rubuta harshensu da haruffan boko, wanda ake kira pinyin. Tsarin yana da alamomin kari, sai dai a taswira da allon hanya da tikitin jirgi ba a sa su. Nan take garuruwan da ba su haɗa komai ba suka zama takwarorin dole. Suzhou ta kusa da Shanghai daban, Suzhou ta lardin Anhui daban. Fuzhou akwai a Fujian akwai a Jiangxi. Taizhou akwai a Jiangsu akwai a Zhejiang. In aka gangara ƙananan garuruwa da ƙauyuka kuwa, suna ɗaya sai ya fito a larduna da dama. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne larduna biyu maƙwabta da Rawayan Kogi ya raba, masu hedikwata a Taiyuan da Xi'an. In aka cire alamar kari, rubutunsu ɗaya ne sak. Sai hukuma ta yanke shawara ta ninka wasali a ɗaya: Shanxi da Shaanxi. Su da gangan suka ninka, kuma kowa ya bi. Mu kuwa Kona da Koona duk gari ɗaya ne, ya danganta da hannun da ya riƙe alƙalami a ranar.

Mu ma muna da irin wannan a babban mataki. Ƙasarmu da jihar da aka ƙirƙira a Najeriya a 1976 mai hedikwata a Minna, a Turance rubutunsu ɗaya. Bakin Bahaushe ne ya raba gardama, ya ce wannan Nijar, waccan Neja. Lokacin da aka sace ɗaliban makarantar Kagara a watan Fabrairun 2021, mai sauraron sashen Hausa bai yi ruɗani ba ko kaɗan, amma mai karanta kanun labari da Turanci daga nesa sai ya duba taswira kafin ya san ƙasar da ake nufi. A nan harshenmu ya fi takardar wayo.

Inda abin ke cizo yau wuri biyu ne. Na farko takardun shaida. Yaro an rubuta masa wurin haihuwa da wasali ɗaya a takardar haihuwa, a lakwal aka rubuta da biyu, ranar da zai yi jarrabawa ko ya nemi fasfo sai a ce takardunsa ba su dace ba. Uban da bai taɓa zama a aji ba shi zai bar gona ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi saboda harafin da ba shi ya rubuta ba. Wani kuma an rubuta masa Sabon Gari kawai, ba ƙaramar hukuma ba gunduma, kamar guda ɗaya ne a duniya.

Na biyu, kuma shi ya sa na yi wannan dogon rubutu, mu ne nan masu Facebook da WhatsApp. A wannan zamani na rashin tsaro, mutum zai wallafa cewa 'yan bindiga sun shiga gari kaza, ko mota ta kife a hanyar gari kaza, ya sa suna guda ya tura. Cikin minti kaɗan an raba shi ɗaruruwa. Duk mai ɗan uwa a gari mai wannan suna, daga Agadas har Abidjan, hankalinsa ya tashi, a yi ta kiran waya, wanda layinsa bai shiga ba a fara yi masa salati. Masu hawan jini fa? Tsofaffin da 'ya'yansu ke nesa fa? Kalma uku kacal, sunan ƙaramar hukuma da gunduma da jiha, za su hana wannan duka, amma gaggawar a ce wane ne ya fara kawo labari ba ta bari a ƙara su. Ni a ganina wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, alhaki ne.

Na ji masu cewa a sauya wa garuruwan suna a huta. Ban goyi baya ba. Sunan Gidan Wane shi ne kaɗai takardar da ta rage ta wanda ya sari dajin, in ka goge shi ka goge mutumin. Mutanen Hawai ma da suka tarar da Kailua biyu ba su kashe ɗaya ba, gidan waya ya ƙara wa ɗaya laƙabi ta zama Kailua-Kona. Dabarar Dawakin Tofa ce dai, can ma ita ta fisshe su.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, dama ta samu. Ina kira ga magadan gari da sarakuna da masu gari, daga Kona, Korgom, Mai Jirgi, Hawan Dawaki da Urafan har Kanan Bakashe da Isawan, su zauna da dattawa su tsayar da rubutu ɗaya ga sunan kowane ƙauye, da lanƙwasarsa da laƙabinsa yadda mutanen wurin ke faɗa, a sa shi a allon bakin gari, shi kuma za a riƙa bi a takardar haihuwa da rajistar lakwal.

Kafin su yi nasu, mu yi namu. Duk wanda zai wallafa labarin rasuwa, haɗari, hari ko cigiya, don Allah ya rubuta sunan gari, ya bi shi da ƙaramar hukuma, gunduma da jiha, in kusa da iyaka ne ya faɗi ƙasa. In ka ga an tura labari da suna tsirara, kada ka raba shi sai ka tambayi mai shi: wacce daga ciki?