Abin da na gani a fitsarin Baffa

A tsakiyar hunturun bana Baffana ya zo mini Kano daga Madobi, da takardun gwaji guda uku a aljihun rigarsa. Shekarunsa sun haura sittin, fiye da rabinsu kuwa ya yi su ne tsaye cikin ruwan kanal a yankin Kura da Bunkure, wurin noman shinkafa da alkama da tumatir. Takardun duk magana ɗaya suke yi: jini da ƙwayoyin mugunya a fitsari. Kowane karo sai a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, jinin ya ɗauke, bayan makonni ya dawo.

Na roƙe shi ya jira rana ta take kafin ya ba ni fitsarin, domin tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana ne ƙwan tsutsar tsargiya ya fi fita. Na juya shi a na'ura, na ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, na sa a madubin gwaji. Ƙwan na nan, dogo, da ɗan tsini a ƙarshensa, ƙwan tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Wannan bai ba ni mamaki ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya zauna a gonakinmu rani da damina, dodon-koɗin da tsutsar ke girma a cikinsa shi ma ya sami gida. Muna yara, wanda ya fara fitsarin jini har alfahari yake yi, wai ya zama namiji.

Abin da ya tsayar da ni wasu ƙwayoyin halitta ne a gefen ƙwan, curi-curi, ba su daidaita da juna ba, cibiyarsu ta kumbura ta kusa cika su. Ƙwai da suka daɗe maƙale a bangon mafitsara suna miƙa shi shekara da shekaru, har fatar ciki ta sauya kama, a wasu mutane kuma ta rikiɗe ta zama sankara. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin tabbatattun abubuwan da ke haddasa cutar. Na sha koyar da wannan a aji. Ban taɓa karanta shi a jikin ƙanin mahaifina ba.

Ganin irin waɗannan ƙwayoyi ba hukunci ba ne. Kumburi kaɗai yana iya jirkita su, sai an rina su, an ɗauki hoton ciki, an leƙa mafitsarar da kyamara kafin a tabbatar. Amma ya wajaba mai gwaji ya rubuta abin da ya gani, ko da takardar ba ta tanadi gurbinsa ba. Ban ɗora wa masu gwajin baya laifi duka ba, mu ne muka koya musu ƙirga jini da mugunya su wuce. Maganin firazikwantel yana kashe tsutsa, ba ya warkar da sankara idan ta riga ta kama.

Na ce, "Baffa, sai mun je Asibitin Malam Aminu Kano."

Ya daɗe yana duban ƙasa. "Dakta, tumatirina ya kusa nuna. A bari sai bayan ɗiba?"

Na ce masa ba za a bari ba. Ƙanena ne ke ba gonar ruwa yanzu, da takalmin roba da na saya masa, wanda na ji labari yana cirewa idan rana ta yi zafi. Ranar Talata za mu karɓi sakamakon.