Fijon Baba da ƴar tirelarta a hanyar Dakusa

Tun ranar da muka sa hoton tsohuwar Fijonmu da ƴar tirela a bayanta, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu na tambaya ko ta sayarwa ce, wasu kuma so suke mu nuna masu wanda ya ƙera mana rimok ɗin su ma su yi tasu. To kafin kowa ya kai kuɗinsa wurin mai walda, ku bari mu ba ku labarin abin da ya same mu bara da kaka, don hoto bai nuna shi ba.

Motar Peugeot 504 ce, gadon Baba, Allah ya jiƙansa. A 1968 aka fara fito da irinta a Faransa, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi shekaru tana haɗa ta. Tamu dai ta hamada ta shigo, zamanin da Turawa ke tuƙo su ta Tamanrasset, Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas su hau jirgi su koma gida. Baba bai taɓa yarda a ce mata motar haya ba. Shi a wurinsa motar tsere ce, hujjarsa kuwa 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƴar uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978. In ka ce masa tasa ƙofa huɗu gare ta, sai ya ce ai uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Bayan rasuwarsa Yayanmu ya ce a sayar. Cewarsa mai take sha, kayan gyaranta sai an aika Kano, kuma ba ta kawo ko dala. Mu kuwa muka kafe, muka ce za ta ci da kanta. Daga nan ne muka sa aka ƙera mata ƴar tirela mai taya biyu, don kwaso hatsi daga gonarmu ta Dakusa zuwa gida Damagaram, da ɗaukar kaya in za mu buki Tanut. Shekara biyu muna yi lafiya lau, har kanmu ya fara girma.

Ran da abin ya faru, buhu shida na hatsi aka ɗora, kowane kilo 100, ga ragon sunan ɗan Yaya. Don rago ya samu wurin tsayawa a gaba, sai yaran da suka yi lodi suka tura buhunan can ƙarshen tirela. Mun gani da idonmu, ba mu ce komai ba. Cikin mota akwai Inna, da Yaya da maiɗakinsa, da yara uku, mu ke tuƙi. Kun san hanyar nan, tun da aka buɗe matatar mai a 2011 tankoki ba sa yankewa a kanta. Muna cikin gudu wata tanka ta wuce mu, iskarta ta bugi tirela, sai muka ji bayan mota ya fara rawa, dama, hagu, dama. Tsoro ya sa muka danne birki da ƙarfi. Ashe nan ne babban kuskuren. Tirela ta turo mota, waldar maƙalinta ta ɓalle, ta tsallaka kwalta ita kaɗai ta kife cikin gonar mutane. Ba sarƙa ko ɗaya da za ta riƙe ta. Rago sai yanka shi aka yi nan take. Wata amalanken jaki da yara biyu a kai ba ta fi taku ashirin da wurin ba. Wallahi har yau in muka tuna yaran nan jikinmu sanyi yake yi.

Inna salati kawai take. Yaya bai ce uffan ba sai da muka isa gida, sannan ya ce, "Ka ga abin da nake faɗi ko? Sai ta ci rai za ka yarda?"

Washegari Kawunmu, wanda ya tsufa a tuƙin hanyar Agadas, ya zo ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce, "Ɗana, motar ubanka ba ta da laifi. Ja ba wuya gare shi ba, ko jaki yana ja. Tsayawa ce aiki." Ya ƙirga mana: motar kanta ba ta wuce kilo 1,200 da ɗan wani abu ba, mu kuma mun rataya mata hatsi kilo 600, da rago, da nauyin ƙarfen tirela, duk a kan birkin da aka yi don mota ita kaɗai. Daga baya muka duba, a Faransa inda aka ƙera ta, tirelar da nauyinta da kayanta ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. Tamu ta haura, ba birki.

Ya kuma nuna mana cewa kaya masu nauyi a kan tayoyin tirela ake jera su, a ɗan rinjayar da su gaba, don bakinta ya danne maƙalin. In nauyi ya koma baya, sai ya ɗaga bayan mota, 504 kuwa da tayoyin baya take tafiya, da sun saki ƙasa shi ke nan. In tirela ta fara rawa, a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari daidai, a bar gudu ya mutu da kansa. Maƙali kuma a jikin ƙashin mota ake ɗaure shi da manyan kusoshi, ba a bamba ba, a ƙara da sarƙa biyu. Ga fitilun baya, waɗanda mu ko wayarsu ba mu taɓa ja ba.

Inna ce ta raba gardamar sayarwa. Ta ce motar mijinta ba za ta bar gidan ba tana raye, amma da sharaɗi: buhu huɗu, ba jika ko ɗaya a ciki in ana jan tirela, ba tafiyar dare. Mu muka ƙara da namu, ba ma wuce kilomita 60 a awa, kuma mukan tsaya a hanya mu taɓa tayoyi mu duba ruwan lagireto. Yaya har yanzu bai sake hawa ba, ba mu kuma ga laifinsa ba.

To masu tambaya, Fijo ba ta sayarwa ba ce. Masu son ƙera tirela kuma, ku fara da sarƙa da fitila kafin fenti. Direbobinmu na hanyar Tanut da suka fi mu sanin wannan aiki, ku rubuto mana abin da muka manta, za mu karanta a shirinmu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu kaka lafiya.