Man kaɗe a kan kujerar mota

Da hannuna na lalata kujerun motata, kuma da niyyar gyara na yi. Mai wankin mota bai cuce ni ba, haka ma wanda ya sayar mini da ita. Wani sani nake da shi tun ƙuruciya, na gaskiya kuwa, sai na kai shi inda ba muhallinsa ba.

Motar Toyota Camry ce tokumbo, mai kujerun fata ruwan madara. A Jiwa nake zaune, a cikin garin Abuja nake aiki. Duk wanda ya san yankinmu, daga Jiwa zuwa Gwagwa da Dei-Dei, ya san halin da mota ke ciki: gidan haya babu rumfa, ta kwana a waje, ta wuni cikin rana a wurin aiki, ta dawo ta lungunan jar ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya busar da komai, Maris ya zo da zafinsa. Motar da aka rufe a rana, zafin cikinta kan haura digiri 60. A haka gefen kujerar direba, daidai inda jiki ke goga wajen shiga da fita, ya fara yin fari-fari, ƙananan tsagu suka bayyana.

Ni kuwa a Kano na tashi, kuma na sha zama wurin dukawa. Na ga yadda baduku ke ɗaukar fatar da ta yi tauri, ya shafe ta da mai, ya murza, ya sake murzawa har ta yi laushi a hannunsa. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, irin wadda ake kaiwa kasuwar Ƙofar Wambai, shan mai take yi, kuma yana yi mata amfani. Irinta ce, musamman ta jar akuyar Sakkwato, fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har ta yi suna a Turai. Don haka da na ga kujera ta bushe ban yi shawara da kowa ba. Na ce fata ai fata ce. Na narka man kaɗe mai kyau, na lafta wa kujerun gaba da na baya, har cikin ɗinki, na bar shi ya kwana.

Da farko abin ya yi kyau. Launin ya dawo, tsagun suka ɓuya. Har na ƙara da wani mai da ake fesa wa dashbod a wurin wankin mota, don ƙyalli. Kafin hunturun ya fita kujerun sun zama abin takaici. Idan rana ta buɗe sai su yi danƙo. Ƙurar hanya ta manne a kan maiƙon, ta taru a layin ɗinki ta yi baƙi, kullum na zauna ina goga ta a jikin fatar. Inda tsagun suke ya yi duhu, ya kumbura, ya fara ɓarewa. Ranar wata Juma'a na sauka a masallaci da farar shadda, wani dattijo ya taɓa kafaɗata ya nuna mini bayan rigata.

Sai a lokacin na nemi mai gyaran kujerun mota, a wajen Zuba. Bai tambaye ni komai ba tukuna. Ya samu wani wuri a bayan majinginar kai da man bai taɓa ba, ya ɗiga ruwa da yatsa. Ɗigon ya tsaya dunƙule, bai shiga ba. Ya ɗauko guntun fatar gida daga ƙarƙashin tebur ya ɗiga mata, nan take wurin ya yi duhu, ta shanye.

"Alhaji, ka gani? Wannan tana sha, taka ba ta sha. Abin da ruwa bai ratsa ba, ta ina mai zai ratsa?"

Na ce, "To, Malam, man da na shafa ina ya tafi?"

Ya ce, "Wani yana nan sama yana kama ƙura. Wani ya bi tsagu da ramin allura ya shiga ƙarƙashin fenti. Shi ne ya yi maka ɓarnar."

Abin da ban sani ba ke nan. Yawancin fatar mota da gishirin sinadarin kuromiyam ake jeme ta, hanyar da masana'antu suka kama tun ƙarshen ƙarni na 19, ba da bagaruwa ba. Bayan jima sai a fesa mata fentin launi, a bi shi da wani siririn rufi na roba wanda ido ba ya gani. Hannunka wannan rufin yake taɓawa. Shi ne rana da gumi da gogayya ke cinyewa, shi ne ke fara tsagewa. Mai mai kauri ba ya ƙara masa komai, kuma idan ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashinsa sai ya raba shi da fatar. Mutumin ya kuma nuna mini cewa gefunan waje da bayan kujerun ma leda ce mai kama da fata, kamar yadda ake yi a motoci da yawa. Ashe wani sashen man a kan leda na zuba shi.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce, da na kawo ta tun tana fari-fari, wankewa da sabunta fentin gefen kawai za a yi. Yanzu fatar ta sha maiƙo, sabon fenti ba zai kama ta da kyau ba. Sauran kujerun ya wanke su a hankali har suka dawo hayyacinsu, amma gefen kujerar direba sai da aka farke aka sa sabon ƙyallen fata, launinsa kuma bai zo daidai da na asali ba.

Daga wurinsa na koyi yadda ake zaɓen man kujera. Kafin kwalba, ɗigon ruwa, don ka san irin fatar da ke gabanka. Idan ruwan ya tsaya, nemi man da aka rubuta a jikinsa cewa na fatar mota ne mai rufi, wanda da ruwa aka haɗa shi, mara kauri, mara silikon. A ganina alamar da ta fi sauƙi ita ce ƙyalli: sabuwar kujera ba ta sheƙi, duk abin da ya bar ta tana sheƙi da santsi a sama ya zauna, kuma a ƙasar ƙura irin tamu wannan gayyatar datti ne. A gwada shi a ɓoyayyen wuri, a bari ya kwana, a goga farin tsumma a gani ko launi ya biyo. Kuma ba a shafa komai a kan datti. Rabin abin da muke kira bushewa gumi ne da ƙura suka daskare. Burushi mai laushi da sabulun fata mara ƙarfi kan fitar da shi, ban da garin sabulun wanki, ban da kalanzir. Man kaɗan ake ɗiba a tsumma, a shafa, a goge ragowar, musamman idan kujerar mai ƙananan huji ce, don toshewa suke yi. Bayan haka, mayafin gilashin gaba da neman inuwa sun fi kowace kwalba aiki.

Akwai saura guda da ya fi kuɗin gyaran nauyi a wurina. A makonnin da kujerun ke ƙyalli na yi ta ba mutane shawarar man kaɗe da cikakken tabbaci, har da kawo musu labarin dukawan Kano. Wani maƙwabcina mai haya da motarsa tsakanin Dei-Dei da cikin gari ya ɗauka, don ya yarda da ni, motar kuwa da ita yake ci da iyalinsa. Daga Zuba gidansa na zarce kafin nawa. Na ce masa shawarar da na ba shi ba daidai ba ce, kuma ban bincika ba kafin na faɗa. Shafawa ɗaya ya yi, fatar kujerunsa kuma ba ta tsage ba tukuna, don haka wanki ya wadatar. Na kai shi wurin mutumin, na biya kuɗin aikin. Sauran waɗanda na tuna na gaya wa, na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya.